Mai Kwallin da Ta Ƙi Sayar Mini da Kwalli

Inna Tsahara ta rasu.

Ina cikin dama koko da safen nan saƙon murya ya shigo wayata daga ƴar ƙanwarta da ke Kurni. Zazzaɓin kwana biyu, in ji ta. Sau uku na saurara, ko zan ji wani suna daban.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wadda ta taɓa cin kasuwar Matameye ta san ta, ko ba ta san sunanta ba. Tsohuwar nan mai kwalli da turare a layin mata, mai baƙin tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ga faɗa. Ki ce a ba ki kwalli, sai ta kama haɓarki, ta juya fuskarki wajen rana, ta leƙa idonki tukuna kamar ita ta haife ki. Mata da yawa sun yi fushi da ita kan wannan hali. Ni ma na yi.

Yau zan faɗi abin da na ɓoye shekara da shekaru, don ba zan iya ba ku labarinta ba sai da nawa.

Shekarar farin nan ce da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, wancan karon nake nufi, ba na yanzu ba. Hatsi ya ƙone a gona, rumbuna wayam, maza duk sun tsallaka Najeriya. Mijina ya dawo daga cin rani a Ikko yana tari, bai yi wata huɗu ba muka rasa shi. Aka gwada jinina, aka ce ina ɗauke da cutar sida, ƙanjamau ke nan. Yarana biyu Allah ya tsare su.

Ɗinkin hula nake yi. Da allura da zare da idona nake ciyar da su, ba ni da wani abu bayan wannan.

Aka ɗora ni kan magani. Cikin wata biyu jiki ya fara dawowa, har ina jin yunwa irin ta mutane, a shekarar da babu abin ci. Sai kuma idona na dama ya tashi. Ya yi ja, hazo ya rufe shi, wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabana kamar ƙudaje, hasken rana kuwa kamar ana soka mini tsinke. In ɗauki allura in kasa ganin kafarta.

Maƙwabta suka ce apolo ne. Wannan ta ce in ɗiga ruwan sikari, waccan ta ce nonon mai jego. Ni kuwa a raina na riga na yanke hukunci: ƙwayar maganin nan ce za ta makantar da ni, tunda kafin in fara sha idona garau yake. Na tura kwalbar cikin tukunya a ƙarƙashin gado, na yi kwana uku ban sha ba. Ranar kasuwa na tafi neman kwallin Makka, wai yana wanke ido.

Inna ta kama haɓata. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan ba apolo ba ne. Apolo kwantsa yake yi, ke kuwa ba kwantsa." Sai ta rage murya. "Yaushe kika fara shan ƙwayar?"

Na fizge fuskata. Na ce wace ƙwaya, kwalli na zo saye ba duba ba. Na gaya mata maganar da har yau in na tuna kunya ke kama ni.

Ba ta rama ba. Ta sauke tabarau kaɗan. Idonta na hagu fari fat, a mace.

"Ni ma haka na ce, ɗiyata. Na zubar da tawa a masai, na yi wata uku ina ɗura kwalli da ruwan lalle. Ga abin da na samu. Ba zan sayar miki ba. Gobe da hantsi ki same ni a tasha. In kin ƙi, gidanku zan zo, kuma kin ji muryata, ba ta iya raɗa ba."

Tsoron muryar ne ya kai ni tasha, ba hankali ba.

A motar Damagaram mun matsu kamar buhunan albasa, ita ta sa ni a tsakiya, ta yaye mayafinta ta rufa mini a fuska saboda haske. A asibiti ta san ƙofar da ake bi, ta san bencin da ake zama. Lokotoron ido ya duba ni ya ce maganin ba cutar da ni yake yi ba, aiki yake yi. Garkuwar jikina ce ta farfaɗo, ta tarar da wata tsohuwar cuta ta laɓe a cikin ido, faɗan da suke yi shi ne wannan kumburi. Ya ce in koma kan ƙwayata, ya rubuta mini maganin ɗigawa, ya ba ni randebu, ranar da zan dawo. Ya ce da na ƙara makonni a gida, da wata magana ake yi.

Inna ta dube ni ta ce, "Kin ji ko? Shi da ya yi karatun lakwal ai kin yarda da shi."

Randebu huɗu ta raka ni. A kasuwa kuwa sai ta ƙulle ƙuli-ƙuli da garin rogo cikin takarda, ta miƙo mini kamar turare na saya. "Ki ci kafin ki sha. Kar ki zo mini da zancen jiri." Ita kanta a lokacin ganyen tafasa take dafawa, daga baya na sani.

Idona ya washe. Ɗigo ɗaya ne ya rage, har yau yana nan, mun saba. Na koma kan hulunana. Da su na yi wa yaran nan komai.

Ba ni kaɗai ba ce. Ban san mu nawa ba ne, ba ta taɓa faɗin sunan kowa ba, ko da wasa. Amma gari ƙarami ne. Aka fara cewa duk macen da aka gani da Tsahara a motar Damagaram an san abin da ke damunta. Masu sayen kwallinta suka ragu. Ni kuma na canza hanya. In na shiga kasuwa sai in zagaya ta wajen masu tabarma don kar in bi ta gabanta. Da farko ina aika mata gaisuwa. Daga baya ita ma na daina.

Mako uku da suka wuce na gan ta.

Ƴata ta fari za ta yi aure bayan salla. Muka shiga kasuwa da dangin mijin, yayyensa mata biyu da gwaggonsa, sayen kayan biki. Gwaggon ta ce turaren tsohuwar nan take so. Ban sami hanyar zillewa ba.

Ta tsufa sosai. Idon da ya rage mata ma farar yana ta rufe shi, da lalube take gane kwalabenta. Na tsaya a baya don kar ta ji muryata. Sai ɗaya ta tambaye ni ko wannan turaren ya yi, na ce, "Ya yi."

Kalma biyu. Inna ta ɗago kai, fuskarta ta washe.

"Ɗiyata! Ke ce? Ya idon?"

Duk suka juyo suna kallona.

Na ce, "Iya, kin san ni ne?"

Wallahi haka na ce.

Ta gyara tabarau. Sai ta yi ƴar dariya ta ce, "Af, yi haƙuri baiwar Allah. Ido ya tafi, duk muryar da na ji sai in ɗauka tawa ce." Ta ƙulle musu turare, ta sa wa amarya albarka, har ta ƙara gyara.

Na ce a raina kasuwa mai zuwa zan dawo ni kaɗai in durƙusa. Kasuwa ta ci ban je ba. Ta sake ci ban je ba.

Na san surukan ƴata suna karanta wannan shafi. Na san abin da rubutun nan zai iya jawowa. Kafin in fara sai da na zaunar da yarinyar, na gaya mata abin da nake son yi. Ta yi kuka, sannan ta ce, "Mama, rubuta. In sun fasa, sun fasa."

Ke da kika fara magani idonki ya tashi, ko kai, kar ku ajiye ƙwaya don kanku, kar ku ɗura komai, ku je a duba da wuri. Ba ni da haƙurin Inna, ba zan kama haɓar kowa ba, amma ga akwatin saƙona, na san hanya, zan raka ku.

Inna, kin yi mini tambaya ban amsa ba.

Ni ce. Idon lafiya lau. Da shi nake rubuta wannan, da shi nake kuka.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Tsahara. Ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka rufa mata asiri ranar tsayuwa kamar yadda ta rufa namu, ka sa Aljanna ce makomarta.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kun gama, ku roƙa mini Allah ya sa ta yafe mini tun kafin ta cika.