Shekarun da Aka Rubuta wa Yaya

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari a unguwar Utaibiyya, a ƙasa mai tsarki, ni da Yaya. Yaya shekara tara ta ba ni, ita ta goye ni. To ranar da aka kai mu yin takardar zama, ma'aikacin bai tambayi kowa ba. Ya dube ni, doguwa mai jiki, ya dubi Yaya, 'yar siririya, ya rubuta abin da idonsa ya gaya masa. Shekarunta ya ba ni, nawa ya ba ta. Ba mu san baƙi ba balle mu karanta, muka yi godiya muka fito.

Da aka karanta mana daga baya, dariya muka sha. Yaya takan rusuna da safe ta gaishe ni don tsokana, wai ta zo gaida babba.

Kowane aikin Hajji mukan tafi Mina mu yi wa alhazai girki. Kwanaki kaɗan ne, amma su ke riƙe gidan wata da watanni. Haka muka yi ta yi, har shekarar da mai ɗaukar ma'aikata ya ce bana ba ya son wadda ta haura sittin. A takarda ni 'yar sittin da biyu ce, Yaya 'yar hamsin da uku. Na rantse masa an juya ne. Ya ce ya yarda da ni, amma takarda ake dubawa.

Yaya kuwa ga ciwon suga, ga gwiwa. Na roƙe ta mu haƙura da bana. Tana ɗaure kayanta ta ce, "Gurbin nan in ya kuɓuce ba ya dawowa. Zauna, ƙanwata. An ce ni ce mai ƙarfi."

Ta tafi. Rana a sama, wuta a ƙasa. Ran jifa na biyu ta faɗi gefen tukunya, ba ta kai Magariba ba. Allah Ya jiƙan ta.

Masu zuwa gaisuwa daga unguwar Mansur, waɗanda a takarda suka san shekarunta, sai su ce wayyo, hamsin da uku, da sauranta. Kwana uku ina zaune kan tabarma, duk wadda ta faɗa sai na riƙe hannunta na gyara mata. Sittin da biyu, baiwar Allah. Ta gaji, ni ya kamata in je.