Zawon Fiƙa

Bazara ce, wadda ruwa ya yi jinkiri. A shekarar nan albasa ta yi ta ruɓewa cikin rudun ajiya, duk garinmu Danwarai wari take. Maigida ya bi mota ya kai wadda ta rage Kudu, ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna, da ɗana na goye.

Yaron ya fara zawo, jikinsa da zafi. Inna ta wanke hannu ta sa yatsa a bakinsa, ta shafa dasashin gefe.

"Hiƙa ce, ɗiyata. Ki bar damuwa."

Haka muke kiran fiƙa a nan, haƙorin nan mai tsini. Da ita ake yi wa yara kashedin kare, mutum in ya yi faɗa a ce ya nuna ta. Amma a bakin uwaye ba abin tsoro ba ce, lokaci ne da kowane yaro ke wucewa. Zawonta, in ji Inna, ba a tsayar da shi, sai haƙorin ya huda. Haka ta reni nata duka, kuma sun rayu.

Na jira. Ina ba shi nono da kunu, yana cizon ludayin da haƙoransa na gaba. Daga baya ya daina cizon. Maɗigarsa ta faɗa, in ya yi kuka babu hawaye.

Na durƙusa na ce, "Inna, ko mu kai shi asibitin Jega?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Tahi. Ɗauki mayahina, rana ta yi."

Mai babur ya kai mu asibiti. Wata ma'aikaciya ta ja fatar cikinsa, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Suka yi ta neman jijiya, hannu da ƙafa. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Da muka dawo, Inna ta karɓe shi a cinyarta kafin a yi masa wanka. Na ga ta sake sa yatsa a bakinsa, sai ta tsaya.

"Ta fito," ta ce, muryarta can ƙasa.

Na duba. Haƙori ne fari ɗan ƙarami, kamar tsinin shinkafa.

Washegari na sami ludayin a bakin murhu, da sawun haƙoransa a gefe. Ban wanke shi ba. Na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan kwallata, sannan na dama wa Inna kunu, don tun jiya ba ta ci komai ba.