Na Tsayar da Baba a Ƙofar Gidansu

Ina gaishe ku tare da masu karatu. Abin da zan faɗa ya faru ne a Garwa, a ƙarshen zamanin shugaban ƙasarmu na farko. Lokacin ina sayar da atamfa a unguwar Roumdé Adjia, mace ce ni mai baki da saurin yanke hukunci, in na ce a'a ko maigidana sai dai ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni ce babba a wurin mahaifinmu, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da "uwata". Baba tsohon farke ne. Yana saurayi ya baro garinsu a Najeriya da jakuna, ya biyo ta Mayo-Oulo ya sauka Garwa, kasuwa ta riƙe shi. Kullum baɗi zai je gida, har aka aiko cewa mahaifiyarsa ta rasu. Daga nan bai ƙara ambaton tafiyar ba.

Da tsufa ya kama shi, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bayan ya ɗan farfaɗo aka tura mu ɗakin gashin ƙashi na wani asibiti, inda na ga injin da ban taɓa gani ba. Shimfiɗar baƙar roba ce mai tafiya da kanta a ƙarƙashin ƙafa, da ƙarafan riƙewa dama da hagu, an girke ta tana kallon farin bango. Likitan, wani ɗan kudu mai haƙuri, "tapi" yake ce mata. Ya gaya mini da ɗan Fillancinsa cewa in Baba yana takawa a kai a hankali, ƙafar za ta tuna aikinta. Na yi dariya, na ce mutumin da ya cinye takalma a hanya, yau za a sa shi tafiyar da ba ta kai kowa ko'ina.

Sai ga shi ƙafar da yake ja a gida tana ɗagawa a kan injin nan. Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Da hantsi muke zuwa, ɗakin tarwai da rana. Da zarar robar ta fara tafiya sai idon Baba ya kafe a bango, ya fara kiran sunayen zangunan da ke tsakanin Garwa da garinsu, da irin tsohuwar Hausar da ban taɓa ji a bakinsa ba. Inda ya tsaya jiya, nan yake tashi yau. Yakan sunkuyar da kai kamar mai kauce wa reshe. Yakan gaida mutane, ya yi shiru daidai tsawon amsa, sannan ya ce madalla. Wasu sunayen na san su, abokan fataucinsa ne da aka binne tun ina goye. Ranar da ya ce ya haye rafi, da na durƙusa in sa masa takalmi sai na ji wandonsa sharkaf daga gwiwa zuwa ƙasa, ga sanyi. Likita ya ce gumi ne. Ni dai ban taɓa ganin gumin da ya bar riga a bushe ba.

Tsoro ya shige ni. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce mini wanda matattu suka yi wa rakiya, in ya isa ba ya dawowa. Na kai wa malamin unguwarmu maganar, ya ce in bar tsoho da tunaninsa, kewa ce ba aljanu ba, kuma kada in kuskura in yanke magani. Na amsa da to, amma maganar tsohuwar ce ta kwana a raina. A gida kuwa Baba ya fara zuwa alwala da sanda shi kaɗai, fuskarsa ta washe, yana ce mini ya kusa isa garinsu.

Ranar da abin ya faru ina tsaye gefensa. Sai na ga ya saki hannu ɗaya yana gyara hularsa, ya ce ga katangar gidansu, ga Inna, mahaifiyarsa, can zaune a soro. Ya buɗe baki ya fara sallama. Ban san lokacin da na kai hannu na fizge wayar injin daga bango ba. Ya yi taga-taga, likita ya tare shi. Baba ya juyo ya dube ni, a hankali ya ce, "Uwata, ai ba ta amsa ba tukuna."

Ban sake kai shi ba. Likitan ya aiko har gida, ƙannena suka roƙe ni, na ce in dai ina numfashi ba mai mayar da shi ɗakin nan. Kafin damina ta fita ƙafar ta sandare, sanda ta gagara, ya koma kwance. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. In na kawo masa kunu sai ya tambaye ni ko yau za mu je. Da na gane kuskurena na koma wurin likita, ya duba shi ya ce lokaci ya wuce. A kan gadon jinyarsa a gida Baba ya cika.

Yau na haura shekarun da yake da su a lokacin, kuma har yanzu ban san me zai faru ba da na bar shi ya ƙarasa. Abin da na sani shi ne yana samun sauƙi a hannun masu aikin, ni na katse, don kawai na ga abin da hankalina bai ɗauka ba. Ina roƙon duk mai jinyar iyaye, in tsoro ya kama ku ku tambayi masana, kuma in sun ba ku amsa ku ji, kada ku yi irin taurin kaina. Na ɗauka ransa nake tsarewa. Ashe dattijo na bari tsaye a ƙofar uwarsa da rabin sallama a baki, har ya bar duniya.