Kujera ta Takwas

Har gobe in na ji ƙamshin gawayi a cikin dutsen guga, kawuna nake tunawa, kuma raina ya ɓaci.

Tela ne a kasuwar Bodinga. Wani malamin makaranta da aka turo garin Shagari shi ya koya masa darar Turawa, wadda ake ce wa ces. Kafin damina ta fita ya fi malamin nasa. Allon wasansa da ƙyallayen atamfa ya ɗinka, 'ya'yan kuma ya sassaƙa da ƙwallon goruba. Ni nake zama masa abokin karawa, yana cinye ni yana tsokanata wai dokina na kan allo jaki ne.

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, rediyo ta ce za a yi gasa a Sakkwato, kowa ya zo. Kawu ya sayar da dutsen gugarsa ya yi mana kuɗin mota. Innata ta yi ta faɗa.

Sai a bakin ƙofa muka ji akwai kuɗin shiga, wanda ya fi abin da dutsen gugar ya kawo. Rediyo ba ta faɗi wannan ba. Na leƙa ɗakin: tebura jere, amma mutum bakwai kacal suka biya. Shida suna wasa, na bakwai yana zaune yana hamma, ba abokin karawa.

Kawu ya rusuna wa mai rajista, yaron da bai kai ƙaninsa ba.

"Ranka shi daɗe, ga kujera can wofi. Ku bar ni in zamna da shi, ko ba ku rubuta sunana ba."

Mai rajista ya ce doka ce. Ko kai bai ɗaga ba.

Muka tsaya a taga har azahar. Kawu yana kallo, leɓensa yana motsi, yana gyara wa mutane kurakuransu a zuci. Da muka koma gida ya lulluɓe keken ɗinkinsa da allon nan, bai sake shimfiɗa shi ba har ya rasu.

Kwanan nan na ji wani babba a rediyo yana kukan cewa mutanenmu ba su da sha'awar wasan, ana shirya gasa ba a zuwa. Na kashe rediyon. Mun zo, ranka ya daɗe. Muna taga.