Baffan Maman Chenai

Duk faɗin yankinmu na Hurungwe ba wanda bai san Shuvai ba, wadda muke kira Maman Chenai. Ba kuma wanda bai san baffanta ba, don kusan kowa ya taɓa wayar gari ya tarar baffan ya cinye masa gona.

Da tallar busasshen kifi ta fara a bakin titin Kariba. Daga baya ta samu aikin wankin zannuwan gado a wani sansanin 'yan yawon buɗe ido, ta daɗe tana wanki tana kallo. Abin da ta gano shi ne, Bature zai bar gidansa mai bene, ya hau jirgi, ya biya kuɗin saniya sukutum don ya kwana a tanti ya ji kukan kura. Ta ce in dai wannan haukan ne, ai mu ma muna da daji. Ta haɗa kan matan adashinsu, suka roƙi fili a bakin rafi, suka kafa tantuna masu gadaje na alfarma da kwamin ninƙaya. Mai girki mace, direba mace. Mazan gari suka ce ba za su kai damina ba.

Abin da ya rufa musu asiri wani tsohon toron giwa ne mai haure ɗaya, da ke zuwa kullum da hantsi cin magarya a gaban tantunan. Hotonsa ya zaga duniya, baƙi suka yi ta tururuwa. Matsalar ita ce, magarya buɗa-baki ce kawai a wurinsa. Ainihin abincinsa masarar mutane.

Ranar da ya share gonar tsoho Zvidzai tas, dagaci ya tara gari a gindin tsamiya. Magana ɗaya ce a bakin kowa: a aika wa jami'an gandun daji su zo da bindiga. Shuvai ta yi lissafi nan take. In toron ya faɗi, tantunanta sun faɗi. Ta durƙusa ta tafa hannu yadda mata ke yi a gaban manya.

"Ranka ya daɗe, ba za a harbe shi ba. Baffana ne."

A nan kowane gida da dabbarsa, ba ka cin namanta, da sunanta ake yi maka kirari, kuma kowa ya san gidan su Shuvai na giwa ne. Amma tun kakanni ba wanda ya taɓa kawo wannan zance gaban shari'a.

Zvidzai ya zabura. "Ke Maman Chenai, ki ji tsoron Allah! Yaushe kika taɓa kai masa gaisuwa?"

Dagaci, wanda ake zaton gyangyaɗi yake, ya buɗe ido ɗaya. "'Yata, kin tabbata jininki ne?"

"Wan mahaifina ne, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ba ma kiran bindiga a kan ɗan'uwan mutum. Amma ɗan'uwa shi ke amsa laifin ɗan'uwansa. Ki tsare baffanki. Ya ƙara taka gona ɗaya kafin girbi, ni da kaina zan aika."

Shuvai ta fito tana murmushi, a ganinta ta yi wayo. Kayya! Washegari tun ba ta wanke ido ba aka yi layi a ƙofarta. Wannan baffanki ya karya mini shinge, waccan baffanki ya tsorata mini kaji sun daina ƙwai. Wani da ya sha giyar magarya ya manta inda ya jingine kekensa, shi ma ya zo ƙara. Har wata ta zo da ƙafar akuya a hannu.

"Haba Maman Tapiwa, Baffa ba ya cin nama!"

"To ya fara."

Ba ta da lokacin fushi, girbi na nesa. Ta sa matan suka jera amya ta ƙudan zuma a gefen gonaki, don giwa da girmanta ba ta wasa da zuma. Suka riƙa cuɗa kashin giwa da barkono suna yin tubali, a kunna shi ya yi hayaƙi mai sa hawaye. Da hannaye suka yi ƙaranci, sai ta sa aikin a cikin abubuwan nishaɗin baƙi. Da idona na ga wani babban likita daga Jamus tsugune, hannu dumu-dumu cikin kashi, yana atishawa yana godiya. Kuma shi ya biya.

Baffa ya zo gona ya shaƙi barkono, ya juya a fusace, ya nufi inda ya san yana da gata. Ya zuƙe rabin ruwan kwamin ninƙaya, wata baƙuwa na ciki tana ihu. Ya sosa bayansa da tanti mafi tsada har tantin ya kwanta. Shuvai ta garzaya wurin dagaci tana haki.

"Rigimar cikin gida ce," in ji shi. "Ba na shiga."

Amma an yi girbi, rumbuna suka cika, ga zuma ana sayar wa baƙi. Ba a aika wa jami'an gandun daji ba, a shekarar da shekarun da suka biyo. Kullum da hantsi Shuvai kan fito ta tsaya nesa kaɗan ta zazzaga masa masifa, shi kuma yana taunar magarya yana kaɗa kunne.

Tsufa ne ya kashe shi. Haƙoransa suka ƙare, ya rame, wata safiya aka tarar da shi kwance a gindin magaryar. Jami'ai suka zo suka cire hauren suka tafi. Shuvai ta ce wa ma'aikatanta asarar kasuwa ce kawai, kowa ya koma bakin aikinsa.

Sai ga gari kaf ya doso sansanin, mata ɗauke da itace da garin masara da kabeji. Ta'aziyya suka zo. Kafin ta buɗe baki an ɗora tukwanen tuwo, an shimfiɗa mata tabarma a tsakiya. Mu kuwa ba ma makoki sai da abokin wasan gida, wanda zai kwaikwayi mamaci ya tona masa asiri. Ndakaitei, ƙawar wasan Shuvai tun ƙuruciya, ta fito lulluɓe da bargo toka-toka, ta ɗaura doguwar safa a hanci, muciya ɗaya a gefen baki. Tana tafe tana rangaji, ta wawuri tuwon Zvidzai, ta sosa baya da dagaci, ta tsaya gaban Shuvai tana kaɗa kunne tana jiran masifa.

Jama'a suka kwanta don dariya. Shuvai ta buɗe baki za ta zage ta, sai kuka ya ƙwace mata, kuka na gaske, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mahaifinta. Ashe ta daɗe da daina ƙarya ba ta sani ba.

Da aka lafa, Zvidzai ya yi gyaran murya. "To, tunda mai dangi ya tafi, sauran garken giwayen da ke ƙetaren rafi ba na kowa ba ne. In sun shigo, sai a aika wa jami'ai."

Dagaci ya buɗe ido ɗaya. "Marigayi ya bar mata da 'ya'ya. Ba ma tashi daga makoki sai an san wanda zai riƙe marayu. Wa ya karɓa?"

Shuvai ta san yawan garken, ta san girman cikinsu, ta kuma san layin da zai dawo ƙofarta. Ta share hawaye da bakin zane, ta durƙusa ta tafa hannu.

"Ƙannena ne, ranka ya daɗe. Na karɓa."

Maman Tapiwa ta matso kusa da ita ta yi ƙasa da murya. "Allah ya ba ki haƙuri. In kin huce, akwai maganar kabewata."