Yadda Jan Wasali Ya Kusa Kai Abokina Kaso

Shekarun baya, lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, ina da aboki Bakano mai sayar da goro a kasuwar Zango. Wata rana dokin wani soja ya tattake masa huhun goro. Cikin fushi abokin nawa ya ce, "Wallahi sai na faɗa wa kumandan." Kafin la'asar an ɗaure shi.

A wancan zamani Nasara a tsorace suke, ko tari ka yi sai su ce bore ne. Mai fassararsu kuma mutumin yamma ne, Hausarsa ta bariki ce. Abin da ya kai wa kumandan, wato babban Nasaran garin, shi ne, ga wani ya rantse zai auka masa.

Mahaifiyata ta ce, "Kai da Hausarka ta Barebari za ka je gyaran magana? Zauna gida." Ban zauna ba, na shiga biro, ofishin kumandan, na tarar da abokina a ɗaure a gabansa.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kalma biyu ce. Faɗa, a gajarce, aikin baki ne, ka sanar da mutum abu. Faaɗa, in an ja, aikin jiki ne. Ko rigimar da muke kira faɗa, a ganina daga bakin ta samo suna."

Mai fassara ya juya maganar, kumandan ya girgiza kai. Kunnensa bai ji bambanci ba.

Sai na matsa kusa da abokina na ce masa, "Gemunka ya yi fari." Na waiwayo. "Wannan na faɗa masa." Sannan na ja baya, na yi tsalle na dira a kansa, muka zube, rawanina ya yi can. Daga ƙasa na ce, "Wannan na faaɗa masa."

Mai fassara ne ya fara dariya. Ya maimaita kalmomin a hankali, ya ce da kumandan kuskuren nasa ne. Aka kwance abokina, aka kira sojan kan maganar goron.

Muka dawo Zango mutane na bin mu, sai da na sake yin tsallen a tsakiyar kasuwa.

Na koyi cewa wanda bai ji harshenka ba, kada ka gaji da nuna masa. Abokina dai har ya rasu yana cewa na hana a kai shi kaso, amma ni na ɓata masa ƙugu.