Karen da ba ya jin Hausa

Jiya da hantsi ina fitowa daga ɗaki na tarar da wani ƙaton kare a tsakar gida, ya tusa baki cikin kifin da na shanya. Kifin da maigida ya sha wuya kafin ya kamo a dam ɗin Tiga!

Na daka masa tsawa, ko kallona bai yi ba.

Sai ga mai shi ya yi sallama daga zaure. Ɗan maƙwabcinmu ne da ya dawo daga birni, igiyar karen naɗe a hannunsa kamar ado.

Wai, "Yi haƙuri Inna, ba ya jin Hausa. Da Turanci aka horar da shi."

Na ce, "To yi masa Turancin mu gani."

Ya yi, ya sake yi, har da nuna yatsa. Kare ya ƙara ɗaukar wani kifin.

Na ce, "Ɗan nan, igiya ba ta da yare. Sa masa!"

Duk wanda ya lasa sai da na zubar.

Don Allah ku faɗa min, tsakanin karen da mai shi, wa ya fi buƙatar horo?